Yadda Muke Fita Daga Gidan Karɓa-Karɓa a Garwa

Malam, ka tambaye ni yadda mu Hausawan arewacin Kamaru muke rabuwa da kason gida idan ya zame wa mutum kaya, saboda kason zaman mako guda a kowace shekara da ɗan'uwanka ya gada a wani gidan hutu a Faransa, wanda kuɗin gyaransa ke zuwa duk shekara ko da ba a taka ƙofarsa ba.

Karɓa-karɓar masauki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. 'Yan kasuwarmu masu kai albasa da shanu kudu sukan haɗa kuɗi su mallaki gida a Briqueterie ta Yawunde ko New Bell ta Duwala, kowa da lokacin saukarsa. Wanda ƙafarsa ta ɗauke daga hanyar ba ya neman mai saye a waje sai ya fara tallata wa abokan tarayyarsa, domin a mazhabar Malikiyya suna da haƙƙin shufa'a, wato sun fi bare cancantar sayen kason, kuma wanda yake gari ya yi shiru har shekara, haƙƙinsa ya faɗi. Na taɓa zama a irin wannan sulhu a zauren wani dattijo, inda aka shimfiɗa takardun wuta da na ruwa a kan tabarma, aka lissafa har kwanon rufi uku da mai fita bai biya kasonsa ba, aka cire daga kuɗinsa kafin liman ya shafa fatiha.

Fatiha kaɗai ba ta rufe maganar. Dokar filaye ta Kamaru ta 1974 ta ce cinikin fili mai takardar mallaka, wadda muke kira titir fonsiye, ba ya inganta sai a gaban noter, wato jami'in da hukuma ta ba ikon rubuta irin wannan ciniki. Dattawanmu sun daɗe suna ganin wannan ɓarnar sefa ce, amma rigimar magada ta sa da yawa sun sauya ra'ayi.

Na ɗan'uwanka ya fi namu wuya, domin abokin hulɗarsa kamfani ne, kuma da ƙyar ake samun mai karɓar irin wannan kaso ko da kyauta. Kwana 14 da dokar Tarayyar Turai ta ba mai saye ya fasa sun wuce tun zamanin marigayin. Sai dai tun 2014 dokar Faransa ta ba magaji ikon janyewa idan bai kai shekara biyu da gadon ba, kuma ta hannun noter ake yi. Sai ɗan'uwanka ya lissafa watannin gadon tun yau, ya rubuta wa kamfanin, kada kuma ya tura ko sisi ga masu bugo waya suna cewa sun samo mai saye amma sai an fara biyansu la'ada.