Ku Tambayi Inna: Ga hatsi a rumbu, ga yaro na ramewa

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan karo kusan duk a kan ciki suka tsaya, kuma ba abin mamaki ba ne tunda damina ta kankama, tiyar hatsi ta hau, zazzaɓi ya shigo gari. Na ɗauki biyar. Wadda ba ta ga tata ba ta yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Inna, barka da aiki. Ɗana watansa goma. Na kai shi awo, aka ɗaura masa ma'aunin nan a damtse, ya tsaya kan ruwan ɗorawa, malama ta ce ya fara tamowa. Da na faɗa a gida, uwar mijina ta ce haƙori ne, in bar tona musu asiri, gidansu ba a taɓa kwana da yunwa ba. Kuma gaskiyarta, hatsin bara bai ƙare ba, kullum yana shan kunu. To tamowar daga ina? Sannan ina jin na samu ƙaramin ciki, an ce in cire shi daga nono. — Wata uwa, Garin Malam

Ɗiyata, uwar mijinki ta yi gaskiya a kan rumbu, malama kuma ta yi gaskiya a kan yaro. A 2005, shekarar da duniya ta ji labarinmu, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, kuma yankunan da abin ya fi ƙamari Maraɗi ne da nan Damagaram, wato inda ake noma hatsin da ƙasa ke ci. Cikar rumbu ba ta isa jikin jariri sai ta bi ta ludayin uwarsa.

Ki ɗebo kunun da kike ba shi a cokali, ki karkata. In ya tsiyaye nan take, to ruwa ne ya fi yawa a ciki. Cikin yaro ɗan wata goma ƙaramin kofi guda ke cika shi. Ya sha ya ƙoshi, ya yi barci, ke kina murna, alhali abin da ya shiga jikinsa bai taka kara ya karya ba. Kunun da ake so shi ne mai kauri wanda ke tsayawa a cokali, kuma ba na gero zalla ba. Ki sami gero awo uku, wake awo ɗaya, gyaɗa awo ɗaya. Ki tsince gyaɗar sosai, duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yi funfuna ki zubar, don dafinta hanta yake ci. Ki soya kowanne daban sama-sama, ki cire ɓawon waken, a haɗa a kai niƙa. Wajen damawa ki zuba ƙaramin cokali na man gyaɗa. Yau ki barbaɗa garin busasshen zogale, gobe garin kuka, jibi ki murje masa gwaiduwar dafaffen ƙwai. Na san abin da za a ce game da ƙwai, wai yaro zai tashi ɓarawo. Na karɓi haihuwa har gashina ya yi fari, ban ga ɓarawon da ƙwai ya yi ba.

In ya ƙi haɗiye mai kaurin, ga dabara. Ki jiƙa gero kwana guda, ki shimfiɗa ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta har ya tsiro, ki shanya ya bushe ƙarau, ki daka. Idan kin sauke kunu ya ɗan huce, ki zuba ɗan garin tsiron nan ki motsa. A gaban idonki zai saki ya yi ruwa-ruwa ba tare da kin ƙara ko ɗigon ruwa ba. Sai ki mayar kan wuta ya tafasa sau ɗaya. A shekarunsa sau uku zuwa huɗu ake ba shi a yini, ban da nono da ɗan abin taɓawa. Kuma a kwanonsa shi kaɗai, ke kina zaune kusa. Wanda aka haɗa kwano da yayye ba ya kai hannu biyu kafin tuwo ya ƙare.

Maganar haƙori kuwa, a lokacin ne yaro ke rarrafe yana kai komai baki, sai zawo ya kama shi, a ɗora wa haƙori laifi. Zawon da aka ƙyale shi ke zubar da ɗan abin da ya ci. Ranar da ya fara, ki karɓo masa garin gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinki, ki ci gaba da ba shi abinci. Masu zagayen maganin rigakafin zazzaɓin damina in sun ƙwanƙwasa ƙofa, a buɗe musu.

Kada ki cire shi daga nono don ciki. Nonon mai ciki bai lalace ba, ba shi da dafi. Abin da ke kayar da yara shi ne yayen dare ɗaya, a shafa wa nono maɗaci, a kai yaro gidan kaka, ya yi ta kuka ya ƙi cin komai. Ke dai ki ƙara ci, ki fara awon ciki da wuri.

Abu ɗaya da ba na so ki yi wasa da shi. Ki danna bayan ƙafafunsa biyu da manyan yatsunki, ki ƙirga uku, ki ɗaga. In gurbin yatsa ya zauna a ƙafa biyun, ko ma'auni ya sauka kan ja, wato ƙasa da milimita 115, ko ya ƙi cin komai, kada ki jira a gama shawara a zaure, ki goya shi ku tafi. Uwar mijinki kuma kada ki yi musu da ita. Ki roƙe ta ta tsince miki gyaɗar, ta raka ki awo na gaba. Tsohuwar da aka sa cikin aiki ita ce za ki ji tana faɗa wa maƙwabta cewa dabararta ce.

Inna, ina ganin abincin nan na leda na masu tamowa a tebura a kasuwa. Ƴaƴana lafiyarsu lau, amma suna son sa. Akwai laifi in saya musu? — Wani tela, Sabon Gari

Akwai, Malam. Leda guda giram 92 ce, gyaɗa da madarar gari da mai da sukari da sinadarai, ana ba da adadinta ne gwargwadon nauyin yaron da ke gab da mutuwa, a matsayin magani. Kyauta ake ba da ita. Duk wadda ka gani a tebur, daga rabon wani marar lafiya aka zare ta, ko a gida ko a hanya. Kai da ke saye kai ke sa a ci gaba da zarewa. Ka saya musu ƙuli-ƙuli da dabino.

Inna, ni mutumin Tanut ne, ina koyarwa a lakwal nan Zinder. Mahaifiyata ta aiko mana hanza, ƙwayar ƴaƴan itacen nan na daji, matata ta ce ba za ta dafa ba, abincin yunwa ne kuma guba ne. Ni kuwa da ita na tashi. Wa ke da gaskiya? — Wani malamin makaranta, Birni

Ɗana, ka gaishe da mahaifiyarka. Matarka ta kama rabin magana. Ɗanyar hanza akwai ɗaci da dafi, wanda ya ci ba a wanke ba zai sha wuya. Amma matan Damargu sun san aikinta tun kaka da kakanni. A ɓare, a jiƙa, a riƙa zubar da ruwan ana sake sabo kwana da kwanaki. Na zauna da wata tsohuwa a wani ƙauye arewa da Tanut tana wannan aiki. Ba ta ƙirga kwana, sai ta tsame ƙwaya guda ta ɗan gatsa da haƙorin gaba, ta tofar, ta ce da saura. Ran da ta gatsa ba ta yamutsa fuska ba, ran nan aka ɗora tukunya. Haɗarin yana zuwa ne a shekarar da ruwa ya yi wuya, rijiya ta yi nisa, yara na kuka, sai a gajarta wankin. Ruwan jiƙon kuma ba na sha ba ne, ga mutum ko dabba.

Sunan abincin yunwa da aka laƙa mata shi ke ba ni haushi. An tuna da ita a yunwar 1973 da ta El-Buhari a 1984 don ita ce ta tsaya lokacin da gero ya ƙi. Itacen yana zama kore cikin rani, yana ƴaƴa ko a shekarar fari, kuma nunarsa na zuwa daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Abin gina jikin da ke cikinta ya fi na gero. Ganyenta ma ana sa shi cikin wake don korar ƙwari. A nan cikin Zinder, tun 2014 kamfanin Sahara Sahel Foods, wanda Josef Garvi ya kafa, ke sayen hanza da aduwa da magarya daga matan ƙauye yana sarrafa su yana sa a leda. Da mutanen birni suka gan ta a kanti da takarda a jiki, sai ga wasu na saye da alfahari.

Ba hanza kaɗai muka yi wa haka ba. Tafasa, yaɗiya, gasaya, jiga, ƴaƴan ɗanya, duk mun mayar da su alamar talauci, muka koma shinkafa da taliya da dunƙulen magi. Gidan da aka ci kwaɗon zogale da ƙuli ya fi gidan da aka ci farar taliya da mai samun abin jini, ko da na biyun ne ke da mota a ƙofa. Ni dai na fi jin daɗin abin da manoman Magarya da Matamai da Mirya suka yi, da suka bar gawo da kuka su sake tsirowa cikin gonaki. Mai kuka a gona yana da miyar shekara.

Ka ce wa matarka ta kira surukarta a waya ta koya mata wankin. Ku fara da kaɗan, a dafa ta da wake. Jariri kuma a bar shi da kununsa tukuna.

Inna, mu Fulani ne daga wajen Tesker. Dabbobinmu sun ƙare, na dawo gari ina gadi. A daji ƴaƴana nono suke sha safe da yamma, ba su san likita ba. Nan kuwa sai gari da shayi, duk sun ƙanjame. Me zan yi? — Wani mai gadi, bakin gari

Allah ya mayar da alheri, Malam. Ni jikar Barebari ce, da a wani wuri muka haɗu da sai na tsokane ka, amma yau ba ranar wasa ba ce. Abin da ya same ka ya sami dubban gidaje a 2010, lokacin da ciyawa ta ƙare a arewacin Tanut da Gure. Makiyayi a irin wannan shekara duka biyu yake sha, dabbarsa ta rame kuɗinta ya faɗi, hatsin da zai saya da kuɗin ya tashi. Kuma ko a shekarar daɗi, daji na ƙara matsewa. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar kiwo ta 2010 ta amince da haƙƙin makiyayi na yawo da dabbobinsa, amma ka fi ni sanin gonakin da suka haye burtali.

Abincinku na daji, nono da fura da cuku, ya fi abin da yawancin ƴan birni ke ci. Da nono ya fita, sai aka bar yaran da gari tsura. Dole a cike gurbinsa. Mafi arha wake ne, sai gyaɗa, sai busasshen kifi kaɗan a daka cikin miya, da ganye kullum. Shayin nan a janye shi daga yara, musamman kan abinci, don yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, ga shi yana kashe musu yunwa a banza. In matarka za ta sayi nono, ta tafasa shi kafin a ba su.

Sannan kada kunya ta hana ka neman habbanaye, wato aron dabbar kiwo, wurin danginka da suka tsira da garke. Al'adarku ce, kun san ƙa'idarta. Akuya biyu masu tatsa a ɗaure bayan bukka, ana ba su harawa da dusa, za su ba ƙananan kofi-kofi a rana. Ka kai ƴan ƙasa da shekara biyar asibitin unguwa a auna damtsensu a duba allurarsu, domin yaran da suka tashi a daji sau da yawa ƙyanda ke fara kamawa in sun shigo cunkoson gari. Tun 2006 doka ta ce a duba su kyauta. Wani lokaci za a ce maka magani ya yanke, ka saya a waje, amma awon kansa ka nace a yi.

Inna, fara tana da amfani ga yara, ko ƙwalama ce kawai? — Wata ɗaliba, Zango

Tana da shi ƙwarai, nama ce. Ga ƙaramin yaro a cire ƙafafu da fukafukai, a daka ta gari, a zuba cokali guda cikin fate ko miya, ban da yaji. Abin tsoro ɗaya ne, feshi. Shekarar da aka yi feshin fara, kamar 2004, kada a tsinci wadda aka tarar a mace ko tana layi a ƙasa. In za ki saya a kasuwar Dole, ki tambayi mai ita daga ina ta zo, ki kuma sunsuna, in kin ji warin magani ki wuce teburin gaba.