Jirgin yaƙin Japan na Zero: kwaikwayo ne, ko aikin ha'inci?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne Japanawa jirgin Amurka suka kwaikwaya suka ƙera Zero, wanda ke tashi daga kan jiragen ruwansu a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma wai ƙirarsa ta ha'inci ce. Na daɗe ina gyaran jikin jiragen sama, don haka ta wannan fuskar zan amsa maka.

Zancen kwaikwayo ba shi da tushe, ko da yake na san inda ya samo asali. Japan ta sayi jirgin yaƙin Amurka Vought V-143 a 1937, kuma farfelar Zero ƙirar kamfanin Amurka Hamilton Standard ce da aka yi bisa lasisi, kamar yadda bindigarsa mai milimita 20 ta samo asali daga kamfanin Oerlikon na Switzerland. Amma jikin jirgin aikin injiniya Jiro Horikoshi ne da mutanensa a Mitsubishi. Rundunar ruwa ta gindaya sharuɗɗan gudu da nisan zango da saurin juyawa masu tsaurin da ya sa kamfanin Nakajima ya janye daga takarar ƙera jirgin, kuma injin da ake da shi bai kai ƙarfin doki 1,000 ba. Babu mafita sai rage nauyi, saboda haka aka yi amfani da sabon haɗin alminiyam na kamfanin Sumitomo, aka huhhuda ƙarafan ciki, aka shafe kawunan ribiti (ƙusoshin haɗa fallayen ƙarfe) daidai da fatar jirgin. Duk wanda ya taɓa buga ribiti a kan falle mai siranta irin wannan ya san cewa da hannu ya ɗan yi nauyi fallen zai lotsa, don haka wannan ba aikin 'yan koyo ba ne. Amurkawa ma da suka tsinci Zero guda a tsibirin Akutan na Alaska a 1942, gyara shi suka yi ya tashi a San Diego.

Saurin kama wutarsa gaskiya ne, amma da gangan aka bar shi ba sulken kare matuƙi, ba tankin mai mai toshe hudar harsashi, domin a sami nisan zango. A ganina laifin na masu gindaya sharuɗɗa ne, ba na maƙera ba.

Inda zargin ha'inci ya yi daidai shi ne ƙarshen yaƙi, lokacin da aka kwashe ƙwararrun ma'aikata zuwa soja, aka cike gurbinsu da ɗalibai, sannan girgizar ƙasa ta Disamba 1944 da ruwan bama-baman jiragen Amurka samfurin B-29 suka lalata masana'antun Nagoya. Jirgin 1945 da na 1941 sunansu ɗaya, amma ingancinsu ya sha bamban ƙwarai.