Tambayoyinku: ƙuda mai kama da ƙudan zuma, marurun da ke motsi, da cizon tsando

Assalamu alaikum jama'a. Wannan satin tambayoyi uku ne suka shigo duk akan ƙuda, shine nace bari na haɗa su wuri ɗaya.

Wata baiwar Allah daga Daura tace: "Likita barka da aiki. Yarona ɗan shekara 6 ya tsinto wani ɓawo ruwan ƙasa a gindin katanga, rabinsa a cikin ƙasa rabi a waje, kansa da ƙayoyi kamar ƙaho. Kuma muna yawan ganin wani ƙuda mai gashi da dogon baki yana shawagi a wurin. Dan Allah yana harbi? Hankalina ya tashi."

Toh Hajiya ki kwantar da hankalinki. Yadda kika siffanta shi, wannan ƙudan daga dangin da masana ke kira Bombyliidae ne, sun haura nau'i 4,500 a duniya kuma sun fi yawa a wurare masu yashi da ƙarancin ruwan sama irin namu na nan arewa da Nijar. Kamannin ƙudan zuma kawai ya ɗauko, amma bashi da ƙari kuma baya cizo, wannan dogon bakin ruwan fure yake tsotsa dashi. Ki lura da kyau, fukafukansa biyu ne, na ƙudan zuma huɗu.

Shawagin da kike gani macen ce take neman ramin wasu ƙananan ƙudan zuma da basa zaman amya, kowacce raminta daban a ƙasa. Wasu nau'in har yashi take ɗiba a ƙarshen cikinta ta mulke ƙwan dashi sannan ta wurga shi bakin ramin tana sama bata sauka ba. Tsutsar da ta fito sai ta rarrafa ciki ta cinye ɗan mai ramin, in ta ƙoshi sai ta kwanta cikin kwanso kafin ta zama ƙuda. Wannan kwanson shine yaronki ya tsinto. Ƙayoyin nan masu tauri na kai dasu yake fasa ƙasa, sannan kowace gaɓa ta bayansa tana da layin ƙananan ƙugiyoyi da dogayen gashi masu riƙe shi kar ya zame baya, haka zai ta murɗawa yana turawa har ya leƙo waje, ɓawon ya tsage ƙudan ya fita ya bar shi a soke a ƙasa. Ikon Allah kenan. Babu dafi a jikinsa, baya shiga jikin mutum, yaro ya wanke hannu da sabulu shikenan. Abinda yafi damuna shine saka hannu a ramuka, saboda kunama. Kuma dan Allah kar a fesa wa ƙudan fiya-fiya, wasu daga danginsa ƙwan fara tsutsarsu ke ci a cikin ƙasa, manomi na amfana dasu.

Wani bawan Allah daga Jos yace: "Likita jaririnmu ya fito da maruru guda 4 a baya, akwai ɗan rami a tsakiya kuma matata ta rantse ta ga abu na motsi a ciki."

Malam matarka gaskiya ta gani, wannan kam ƙudan ne mai cutarwa, ana ce masa tumbu. Yana yin ƙwai a ƙasa mai yashi da aka yi fitsari ko kashi, ko akan tufafi masu danshi da aka shanya a ƙasa ko a inuwa, cikin kwana 1 zuwa 3 ƙwan ya ƙyanƙyashe, da an sawa yaro rigar sai tsutsar ta huda fata ta zauna tana girma kamar kwana 8 zuwa 12. Ramin nan da kake gani ta nan take numfashi. A shafa basilin da kauri a toshe ramin, in ta rasa iska zata fara turowa waje, sai a danna gefe da gefe a hankali ta fito gaba ɗayanta. Kar a sa allura ko reza, in ta fashe a ciki wurin zai ruɓe yayi mugunya. Amma tunda jariri ne kuma har guda 4, ni shawarata ku kai shi asibiti a cire, balle in akwai zazzaɓi ko wurin yayi ja yana yaɗuwa. Daga yau shanya a igiya cikin rana, sannan a goge kayansa ciki da waje da dutsen guga mai zafi har da nafkin da zanin goyo. In kuna da kare a duba shi, su ma suna ɗauka sosai.

Ta ƙarshe daga wani makiyayi a Taraba: "Tsando ya cije ni a bakin rafi sati biyu da suka wuce, zan kamu da ciwon barci?"

Baffa ba kowane tsando ke ɗauke da cutar ba, kaɗan ne daga cikinsu, kuma tun 2018 masu kamuwa da ake samu a duk duniya basa kai 1,000 a shekara, mafi yawa a Kongo. Shanu ne suka fi shan wahalarsa da cutar sammore. Amma ka sa ido, in kaga zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, ciwon kai, kaluluwa a bayan wuya, ko barcin rana da rashin barcin dare, kar ka tsaya shan maganin maleriya daga kemis, kaje asibiti ka faɗa musu tsando ya cije ka a gwada jini, akwai magani har na haɗiya yanzu. Af, kuma wancan ƙudan na Hajiyar Daura, akwai 'yan uwansa da tsutsarsu ke shiga kwanson tsando a ƙarƙashin ƙasa ta cinye shi tun kafin ya fito. In zaka shiga kurmi ka sa riga mai dogon hannu mai kauri, ka guji shuɗi da baƙi don sune suke jawo tsando.