Amsoshin tambayoyi: wace igiya zan saya don fatsar indiketa?

Wani ɗan'uwa da ke karatu a Kolorado ta Amurka ya turo mana: "Malam, abokaina sun ja ni kamun kifin taraut a kogin South Platte, sun ce in sayi igiya mai yawo a kan ruwa ta fatsar indiketa. Na shiga shago na ga wata dala 40 wata ta haura 100, kaina ya kulle wallahi. Sandata ƙafa 9 ce, lamba 5."

To ɗan'uwa, indiketan nan da suke ta kurantawa ba wani abu bane illa ɗan soson silifas ɗin da muke ɗaurawa a fatsa muna yara, in ya nutse ka fizga. Bambancin kawai a tamu fatsar dalma ce ke jan zare, a tasu kuma nauyin igiyar ne ke kai ƙugiya inda ake so, shi ya sa igiyar ke da tsada.

Ka duba jikin kwalin, za ka ga an rubuta WF5F. WF na nufin nauyin yana gaba, 5 lambar da ta dace da sandarka, F kuma mai yawo ce ba mai nutsewa ba. Lambar daga nauyin ƙafa 30 na farko ake fitar da ita, lamba 5 giren 140 ne (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne), lamba 6 kuma 160. Tunda kai za ka rataya ƙwallon indiketa da dalma da ƙugiya biyu a lokaci ɗaya, kayan sun yi wa igiya mai siririn baki yawa, sai ka ga komai ya zube a tuli guda a gabanka, don haka nemi wadda bakinta gajere ne mai kauri, in ma nauyinta ya ɗara lamba 5 da rabin lamba ba laifi.

Amma abin da zan fi ja maka kunne a kai shi ne tsawon kan igiyar, wato dukan sashen gaba mai kauri, ba bakin kawai ba. Ruwan kogi ba gudu ɗaya yake ba, tsakiya na sauri gefe na jan ƙafa, igiya na kwanciya sai ruwa ya lanƙwasa ta ya fara jan ƙwallon, kifi kuwa da ya ga abinci na tafiyar da ba ta ruwa ba shi kenan ya ƙi. Dole ka riƙa ɗaga igiyar kana mayar da ita ta inda ruwa ke fitowa. Da mai gajeren kai na fara, in na jefa nesa abin da ke bakin sandata siririn zaren baya ne, in kaɗa in kaɗa kamar mai korar ƙuda igiya ko gezau. Nemi mai kai ƙafa 50 zuwa 60. Kamfanonin RIO da Scientific Anglers duk suna da wadda suka rubuta wa Indicator ɓaro-ɓaro, kuma ka ɗauki mai baki ruwan lemu don ido ya riƙa ganinta.

Maganar kuɗi, ɗalibi ne kai, ta tsakiya ta ishe ka. Ka dai riƙa wanke ta da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, datti ne ke sa baki ya fara nutsewa, kuma kar maganin sauro mai sinadarin DEET ya taɓa ta, cinye robar yake.

Ɗan'uwan ya ƙara da tambayar ko zai iya zuwa da igiyar kogin Faro a Kamaru kamun giwan ruwa. A'a fa. Wannan igiyar ruwan sanyi ce, zafin can zai sa ta yi laƙwas tana manne wa sanda, kuma giwan ruwa sai sanda lamba 10 zuwa 12 da igiyar da aka yi don ƙasashen zafi. Bar lamba 5 ɗinka a Kolorado.