VFD Ya Rikita Min PLC, Wace Filta Zan Saya?

Tambaya: Salam Injiniya. Ni mai gyaran wuta ne a wani kamfanin leda a Sharaɗa. Tunda muka ɗaura wa injin sabon VFD, wato na'urar da ke sarrafa gudun moto, sai PLC, 'yar kwamfutar da ke tafiyar da injin, ya fara rikicewa, lambobin zafi na ta tsalle a sikirin, wani sa'in ma ya mutu ya tashi da kansa. Oga ya ce a sayo sitabilaiza, ni kuma na ji ana maganar filta. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikassalam ɗan'uwa. Ka ba oga haƙuri, sitabilaiza aikinta hawa da saukar wuta ne, wannan ciwon ba nata ba ne. Wutarmu 50Hz ce, shi kuwa VFD datsa wuta yake yana saki sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, to wannan datsawar ce ke haifar da hayaniyar lantarki da ke bin waya ta shiga PLC, ana auna ta ne daga 150kHz zuwa 30MHz.

Filtar EMI, wato mai tace irin wannan hayaniyar, mai layi uku za ka nema, wadda ta ɗauki 415V, amfiyarta kuma ta ɗara abin da VFD ke ja a mashiga, kar ka bi na moto. Duba takardarta, da yawa a zafin digiri 40 ko 50 aka auna su, kai ma ka san yadda cikin fanel ke zama a Kano watan Afrilu, don haka ka ƙara girma kaɗan. Littafin VFD ɗin ma yakan faɗi lambar filtar da ta dace, wasu ma tana cikinsu tun daga kamfani, fara dubawa.

Amma wallahi inda mutanenmu suka fi faɗuwa wajen ɗaurawa ne. A sa ta gab da VFD ta gefen da wuta ke shigowa, ban da gefen moto, a kankare fenti ƙarfe ya taɓa ƙarfe, wayar ƙasa gajera mai kauri, kuma kar a ɗaure wayar shiga da ta fita a dami ɗaya, in an yi haka hayaniyar tsallakewa za ta yi kuɗinka ya tafi a banza. Wayoyin sensa ma ka raba su da na moto.

Filtar tana zubar da 'yar wuta ƙasa ta kafasitocinta, tana iya kayar da birekar yoyon wuta mai 30mA, to ka nemi mai ƙarancin yoyo, kar ka kuskura ka cire wayar ƙasa, rai ne. In kuna kan janareta ka tabbata nutural ɗinsa na haɗe da ƙasa kafin ka kunna.