Tiyatar Gyaran Ciki: Me Ke Iya Faruwa, Kuma Yaya Za A Rage Tabo?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Haihuwata huɗu, biyu ta tiyata. Fatar cikina ta saki har ta zubo kan mara, motsa jiki kuma bai ɗaga ta ba. Ina so a yi min tiyatar gyaran ciki, amma tabo nake tsoro, don ko hudar kunnena sai da ta yi tudu. (Uwar yara huɗu, Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar hudar kunnen nan ita za ki fara gaya wa likitan fiɗa, domin alama ce jikinki na yin keloyid, tabon da ke tsallake iyakar rauni yana ƙaiƙayi. Ya fi samun masu baƙar fata.

A wannan tiyata, ana yanka ne daga ƙugu zuwa ƙugu, ƙasa sosai kusa da gashin mara. A ɗaga fata har kusa da haƙarƙari, a ɗinke naman ciki biyu da juna biyu ya raba, a ja fatar ƙasa a yanke rarar, sannan a huda wa cibiya sabon gurbi. Tabo biyu ke nan. Galibi tsohon tabon haihuwa yana tafiya da fatar da aka cire. Aikin ba na rage ƙiba ba ne, kuma gara sai kin gama haihuwa.

Matsalar da ta fi yawa ita ce ruwa ya taru a ƙarƙashin fatar da aka ɗaga. Shi ya sa ake barin robar tsotse ruwa, ba a cire ta sai abin da take fitarwa ya koma ƙasa da mililita 30 a awa 24. Fatar da ke tsakiyar ɗinki ita ta fi nisa da hanyar jini, a wurin ne takan yi baƙi ta mutu ko ɗinki ya buɗe. Sigari da shisha suna matse ƙananan jijiyoyin jini, don haka a daina aƙalla sati 4 kafin aiki da 4 bayansa. Mai ciwon suga ta daidaita shi tukuna. Matsalar da ke kisa kuwa ita ce gudan jini a ƙafa da ke iya wucewa huhu. Ki tashi ki taka tun ranar farko. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, ko ƙirji ya riƙe numfashi ya yi sama-sama, asibiti nan take, ko tsakar dare ne.

Abin da ke faɗaɗa tabo shi ne jan fata. Sati ɗaya zuwa biyu na farko ki yi tafiya a ɗan sunkuye, ki kwanta da matashi ƙarƙashin gwiwa. Har sati 6 ba goyo, ba ɗaukar bokitin ruwa, ɗamarar matse ciki da za a ba ki kuma tana jiki. Idan raunin ya rufe sarai, ba ɓawo ba ruwa, kusan sati 3, sai ki fara liƙa filastar silikon aƙalla awa 12 kullum, wata 3 ko fiye. Kada ki firgita idan tabon ya yi tauri ya ƙara duhu a wata na biyu ko na uku. Sai ya yi wata 12 zuwa 18 kafin ya kwanta. Idan ya fara tudu, ana yi masa allurar triamcinolone a cikin tabon duk sati 4 zuwa 6, ko da yake takan sa wurin ya ɗan yi fari. Yanke keloyid kawai ba tare da wani magani ba, yawanci dawowa yake, wani lokaci ya fi na da.

Tambaya: Likita, sati 5 da yi min aikin. Yayata ta ce in riƙa gasa wurin da ruwan zafi kamar mai jego, in shafa man bilicin tabon ya dushe. (Wata mai karatu, Kano)

Amsa: Kada ki yi ko ɗaya, 'yar'uwa. Fatar ƙasan cibiya takan yi watanni ba ta ji sosai, za ki ƙone ba ki sani ba. Man bilicin da yawa kuma akwai sinadarin siteroyid a ciki, wanda ke sa fata ta yi siriri, rauni ya ƙi haɗewa. Ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi sun isa, sannan ki tsane wurin da tsumma mai tsabta ba tare da gogawa ba.