Amsa ga mai tambaya kan John Mercer Langston

Ƙanena, ka ce malaminka ya ba ka John Mercer Langston, ɗan siyasar Amurka baƙar fata, ka yi aikin kammala digiri a kansa, amma kana shakka saboda bai cika wata shida a majalisar wakilan Amurka ba, to me za ka rubuta har babi biyar? Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da tarihin Amurka na bayan yaƙin basasa, kuma duk shekara sai na kawo wa ɗalibaina mutumin nan. Kada ka mayar da batun.

Gajartar zaman nasa ita ce gishirin aikinka. A 1888 ya tsaya takara a mazaɓa ta huɗu ta jihar Bajiniya, inda baƙar fata suka fi yawa. William Mahone, uban jam'iyyar Republican a jihar, wato jam'iyyar Langston kansa, ya juya masa baya ya tsayar da farar fata. Aka ce Edward Venable na Democrat ne ya ci. Langston ya kai kuka gaban majalisar, domin ita ke yanke hukunci kan zaɓen 'ya'yanta. Aka yi ta jan ƙafa, har 'yan Democrat na ficewa daga zauren don kada adadin masu zama ya cika. Sai ranar 23 ga Satumba 1890 aka rantsar da shi, wa'adi kuma ya ƙare a Maris 1891. Kusan shekara ɗaya da rabi wani na zaune a kujerarsa. Duk lokacin da na kai nan a aji, sai ka ji wuri ya yi tsit, ni kaina abin yana sosa mini rai har yau.

Kada kuma ka tsallake abin da ya gabata. An haife shi a 1829, uba farar fata mai gandu, uwa 'yantacciyar baiwa. Ya yi karatu a kwalejin Oberlin, makarantun lauya suka ƙi shi saboda launin fatarsa, sai ya koya a hannun wani lauya, ya zama lauya a Ohio a 1854. Shi ne ya kafa sashen shari'a na jami'ar Howard a 1869. Daga 1877 zuwa 1885 yana jakadan Amurka a Haiti, kuma a ganina wannan babin ne ɗalibai suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shekara takwas ce cur.

Ka nemi tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa a 1894. Za ka ga yana kiran kansa "shi" maimakon "ni", kuma ba ya rowar yabon kai. Saboda haka duk abin da ya faɗa kan Mahone, ka gwada shi da rahoton kwamitin zaɓe na majalisar kafin ka sa a aikinka.